Tambaya da Amsa: An sa min ƙarfen gyaran haƙora, dasashina sai jini yake

Tambaya: Salam likita, sannu da ƙoƙari. Wata biyu kenan da aka sa min ƙarfen gyaran haƙora, wannan da ake cewa bires. Tun sati uku da suka wuce da na goge baki sai jini, dasashina ya kumbura har ya fara hawa kan ƙarafan, shi ne na ajiye buroshi na koma aswaki a hankali. Kuma jiya ina cin aya ɗaya daga cikin ƙananan ƙarafan ya ɓalle yana lilo a jikin siririyar wayar da ta haɗa ƙarafan, gashi ranar komawata asibiti sai nan da sati uku. Dan Allah ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Yau ɗin nan kafin ki kwanta ki je ki ɗauko buroshin nan da kika ajiye. Jinin da kike gani ba buroshi ne ya ji miki ciwo ba, datti ne ya kwana ya wuni a gindin haƙori har dasashin ya kumbura, shi kuma dasashi in ya kumbura ko taɓa shi aka yi sai ya yi jini. Kinga ke kin ga jini kin ja da baya, dattin ya ƙara samun wurin zama, kumburin ya ƙaru, a haka ake ta zagaye. Ba ke kaɗai ba ce, kullum sai na yi wannan bayanin a asibiti.

Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga leɓenki na sama ki duba tsakanin ɗan ƙarfen da dasashi, za ki ga wani abu fari-fari mai laushi kamar kamu ya kwanta a wurin. Ƙwayoyin cuta ne fal a ciki, in suka samu suga sai su fitar da tsami, tsamin nan ya dinga cin fuskar haƙori, kuma cikin wata guda ma ɓarnar tana iya farawa. Wurin da ƙarfen ya rufe ba abin da zai same shi, kewayensa ne ke ciwuwa, shi yasa ranar da aka cire sai ki ga haƙora sun jeru reras amma kowanne da farin tabo kamar an zana akwati da alli. Wallahi wannan ranar ba daɗi, mutum ya yi shekara ɗaya da rabi ko biyu yana haƙuri, ya kashe kuɗi masu yawa, a miƙa masa madubi sai ki ga fara'arsa ta ɗauke. Kuma tabon nan ba kasafai yake gogewa gaba ɗaya ba.

To ga yadda ake yi. Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai, ba irin mai tauri da mutanenmu ke so suna cewa ya fi fitar da datti ba. Ki karkata shi ki fara bin layin dasashi, sannan ki ɗora shi ta saman ƙarfen yana kallon ƙasa, ki juyo ta ƙasan ƙarfen yana kallon sama, haƙori ɗaya-ɗaya, sai ciki da wurin tauna. Minti 2 shi ne mafi ƙaranci, mai bires kam gara ya kai 3. Safe da dare dole ne, bayan cin abinci ma in da hali, in kina makaranta ko wurin aiki ko kuskure baki da ruwa ki yi. Makilin kuma ki duba jikin kwalin ki tabbatar akwai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, wanda aka rubuta 1450 ppm a jikinsa ya yi, in kin gama ki tofar kawai kar ki bi da ruwa, a bar shi ya yi aikinsa. Sai abin da ya fi komai amfani gare ki yanzu, wani ɗan siririn buroshi mai kama da na wanke fida amma ƙarami sosai, ana samu a manyan kyamis, shi ne yake shiga ƙarƙashin waya ya share gefen kowane ƙarfe. Kwanakin farko jinin zai zuba sosai, kar ki tsorata, ki haɗa da kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, amma ba da zarar kin gama gogewa ba. In kin dage, sati ɗaya zuwa biyu za ki ga ya ja baya. In bai ja ba to wataƙila dattin ya daskare ya zama kamar dutse, sai an kankare miki a asibiti.

Aswaki ban hana ki ba, sunna ce kuma yana da amfani, amma baya shiga ƙasan waya, shi yasa ba zai maye gurbin buroshi ba a halin da kike ciki. Kuma kar ki tauna kansa da haƙoran gaba don ya yi laushi, a nan mutane ke ɓalle ƙarfe, ki jiƙa shi a ruwa ki daddaka shi da wani abu. Gawayi da toka da wasu ke dirzawa wai don haske, wannan kam a bari.

Zancen aya kuwa, ai ke kika janyo ƙanwata. Gam ɗin da ake manna ƙarafan nan da gangan ba a yi shi da ƙarfi sosai ba, don ranar cirewa ya fita ba tare da ya ɓata haƙori ba, to ina zai iya da busasshiyar aya. Rake, goruba, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara a jikin totuwa, goro, kantu, ƙanƙara, gwaguyar ƙashi, cingam da alawa mai danƙo, duk ki yi musu sallama zuwa wani lokaci. Kilishi da tsire a yayyanka ƙanana a tauna da turame, dabino ki cire ƙwallon da hannu. Lemon kwalba da zoɓo mai suga ki rage, in za ki sha ki sha tare da abinci lokaci ɗaya, ba ki yi ta kurɓa duk wuni ba.

Wanda ya ɓalle ɗin kar ki jira sati ukun nan, gobe ki kira asibitin ki faɗa musu, su za su ce ki zo ko ki jira, domin haƙorin da ƙarfensa ya saki ya daina tafiya tare da 'yan'uwansa, yana ma iya komawa inda ya fito, aikin ya ƙara tsawo. Kafin nan in yana sukar kumatu ki busar da wurin da auduga, ki mulmula ɗan kakin nan mai kama da na zuma da asibiti ke bai wa masu bires kamar ƙwayar wake ki danna a kai. In ya fita gaba ɗaya ki ƙulle a leda ki kai musu. Kar ki kuskura ki sa sufa gulu, kuma kar ki bari wata mai shagon kwalliya ta ce za ta manna miki, waɗannan masu sa bires na gayu ba su san inda haƙori zai dosa ba in waya ta ja shi.

Ranar da za ki je ki tafi da buroshinki da makilin ɗin a jaka, ki goge a gaban likitan ya nuna miki wuraren da kike tsallakewa, yawanci haƙoran da ke gefen na gaba ne na sama da kuma turamen can ƙurya.