Zauren Magina: Ina so in gina wa marubuta masaukin ƙasa a ƙauyenmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma ina ɗan taɓa rubutu. Na gaji wata gona a gefen ƙauyenmu ta wajen Kazaure, akwai ɗorawa biyu da tsohuwar rijiya a ciki. Burina in gina 'yan ɗakuna inda marubuta za su zo su yi wata guda ko fiye, su yi rubutunsu nesa da hayaniyar gari. Ginin ƙasa nake so irin na iyayenmu, amma yayyena maza sun ce in yi bulo da kwano in huta, wai ƙasa aikin talauci ce, damina biyu ta ishe ta. Wa zan bi?
Mai karatu daga Jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ki yi na ƙasar. Amma kada ki watsar da maganar yayyenki duka, domin sun sha ganin gidan ƙasa ya zube. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, yawancin waɗanda suka zube gidaje ne da masu su suka kulle suka tafi birni. Indararo ya toshe da ganye, ruwa ya kwana a kan soro, ba wanda ya hau ya duba. Don haka kafin ki kira magini, ki fara samun wanda zai zauna a wurin rani da damina, mutumin ƙauyen da iyalinsa, a ware musu sashensu daga bakin zaure. Marubuci baƙo ne, ba zai hau miki soro ba.

Batun talauci kuwa, ki ba su labarin Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830. Masallacin Yama da ke yankin Tawa a Nijar, wanda Falke Barmu ya soma a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji ma, nan Nijar ɗin, an gyara tsohon masallacin ƙasa aka mai da shi ɗakin karatu a 2018, wanda ya yi kusa da abin da kike nufi.

Kuɗinki ƙafa da kai za su ci, wato tushe da rufi. A haƙa tushe a cika shi da dutse da siminti, ya ɗago sama da ƙasa kamar rabin mita, yadda ruwan da ke fallatsa ba zai riƙa cin gindin bango ba. Daga nan sai tubali, kaurin bangon ya kai rabin mita daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Kaurin nan ne sirrin sanyin ɗaki: zafin rana kan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa shi, kafin ya iso ciki dare ya yi an buɗe tagogi. Wanda ya taɓa yin azahar ɗin watan Afrilu a ɗakin bulo mai kwano ba sili ya san ba a iya rubuta layi biyu a ciki.

Kada ki yarda a ɗebo ƙasar gonar don kawai tana kusa, ƙasar noma ba ta gini ba ce. Tsohon maginin ƙauyenku ya san kududdufin da ake haƙa tun kakanni. A kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsima, a buga tubali kaɗan na gwaji. In ya bushe ya tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi. In ya marmashe a hannu, yashin ne ya rinjaya. Kuma ina roƙonki, kada a shafe bangon ƙasa da siminti. Ba sa jituwa, simintin kan rabu da bangon ya bar rami, ruwa ya shige ta tsaga ya yi ta ɓarna a ɓoye. Ga ɗorawa a gonarki: ɓawon 'ya'yanta ake jiƙawa a yi makuba, wadda aka daɗe ana shafe bango da daɓe da ita.

Rufi ne ke da zaɓi biyu. Azara daga giginya take, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da dabara ba, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin ƙasa da azara mai ɗauke rufi, da ɗaurin guga, inda irin waɗannan bakuna ke haɗuwa a tsakiyar rufin. Giginya kuwa shekaru masu yawa take kafin ta isa sara, ga ta ta yi ƙaranci. Ni da zan ba ki shawara, zauren haɗuwa kaɗai za a yi wa ɗaurin guga, don kyau da kuma don yaran garin su ga yadda ake yi. Ɗakunan kwana a bi dabarar Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001: silin na ƙasa, sannan kwano a ɗage can sama da shi, iska na wucewa a tsakani, bakinsa ya zarce bango sosai. Da wannan kwanon za ki tara ruwan sama a tanki, a kansa kuma za a ɗora faifan sola na fitila da fanka da cajin kwamfuta.

Dogayen bangaye su dubi arewa da kudu. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan duka, a rage masa ƙofofi a ƙara masa yaɓe. Yamma kuma a dasa darbejiya, da ɗan tazara saboda saiwa. Teburin rubutu a ajiye shi gindin tagar arewa, haskenta ba ya kashe ido, a sa mata waya saboda sauro. Kowane ɗaki da ƙofarsa da ɗan dakalinsa, kada biyu su haɗa bango, don wani da karatu a bayyane yake gyara rubutunsa.

Ɗakuna 3 sun isa farawa. Masaukin marubuta na Ebedi da ke Iseyin a Jihar Oyo, wanda aka buɗe a 2010, 'yan kaɗan yake karɓa a lokaci guda, kuma baƙinsa kan koyar da ɗaliban garin. Ki kwaikwayi wannan, zai sa mutanen ƙauye su ɗauki wurin nasu ne. Ki gaida dagaci da maganar tun kafin a sari ƙasa, musamman tunda za a riƙa samun baƙi mata, kuma ki ji ta bakinsa kan tsaro.

A fara buga tubali da an gama girbi, wajen Nuwamba, a kammala rufi kafin ƙarshen Maris. Kuɗin yaɓen shekara-shekara kuma ki sa shi cikin lissafi tun yanzu, a riƙa yi kafin ruwan farko.