Tambaya da Amsa: Zan iya ƙetare iyaka da ƙaton karena mu riƙa kwana a tanti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kare irin Boerboel mai nauyin kilo 55, shi ke gadin gidana. A watan Disamba ni da abokaina za mu tafi Gana da mota, ta Benin da Togo, muna yada zango a tanti a hanya. Ina so in tafi da shi. Me zan tanada?
Daga mai karatu a Barnawa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu, amma takarda za ka fara nema kafin tanti. Iyaka uku ke gabanka, Seme da Hilakonji da Aflawo, kuma fasfon ECOWAS ɗinka bai shafi kare ba.

Ka fara kai shi wurin likitan dabbobi a sa masa maikurocif, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai lambobi 15 da ake cusawa ƙarƙashin fata. Bayan nan a yi masa allurar haukan kare, a rubuta lambar maikurocif ɗin a katinsa. Idan allurar ta riga maikurocif ɗin, wasu ƙasashen ba sa lissafa ta, don babu shaidar cewa wannan karen aka yi wa. A yi ta aƙalla kwana 30 kafin tashi. Takardar shaidar lafiya kuwa ba ta daɗewa, sai ana saura 'yan kwanaki ake karɓarta, a kai wa hukumar gwamnati da ke kula da fitar da dabbobi don izinin fita. Ka nemi izinin shiga daga hukumar dabbobi ta Gana tun kana gida, ka tambayi ofisoshin jakadancin Benin da Togo a Abuja sharuɗɗan wucewa. Abin da aka fi mantawa shi ne izinin dawowa da shi Najeriya.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, kuma kudu akwai laima ko a hunturu. A rana yana buƙatar ruwa kusan mililita 60 a kowane kilo, wato naka lita 3 da ɗoriya, a zafi kuma ya kusa ninkawa. Ka ware masa jarkarsa da kwanonsa. Ku tsaya duk bayan awa biyu ya sha, ya miƙe ƙafa. Layin kan iyaka na iya cin rabin yini, kada a bar shi cikin mota a kulle ko da an ɗan sauke gilashi. In ka ga yawu na dalala da kauri, dasashi ya yi ja jawur, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwan sanyi a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, ku nemi likita.

Abinci ka ɗauko wanda ya saba, sauyin gaggawa zawo yake kawowa. Ka raba shi biyu, safe da yamma, kuma kada ya yi guje-guje awa ɗaya kafin ci ko bayansa. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan cika da iska ya murɗe. Alamarsa ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita. Wannan sai tiyata, cikin sa'o'i yake kisa.

A yi masa maganin kaska da ƙuma kafin tafiya, kowane dare kuma ka laluba kunnuwansa da tsakanin yatsu. Ku guji kafa tanti a kurmin bakin rafi saboda ƙudan tsando, sammore na kama kare ma. Kada ka ba shi ibuprofen, yana lalata masa ƙoda da ciki.

A zango, turke mai ƙarfi da sarƙa, da takunkumi idan za a shiga mutane. Karen gadi duk inda ya kwana gidansa ne, zai iya far wa yaron da ya zo kallo. Ka ɗaure shi nesa da tabarmar salla da kwanukan abokanka, zaman ya fi daɗi. Gandun namun daji kuwa galibi ba sa barin kare ya shiga.

TAMBAYA: Idan Turai ne ta jirgi fa, ƙa'idar ɗaya ce?
Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: A'a, Hajiya, ta fi tsauri. Tarayyar Turai na neman gwajin jini na auna ƙarfin allurar haukan kare ga karen da ya fito daga Najeriya. Ana ɗibar jinin aƙalla kwana 30 bayan allura, a gwada a ɗakin gwajin da suka amince da shi, sakamakon ya kai 0.5 IU a mililita, sannan a jira wata uku daga ranar ɗiba. Ki lissafa wata huɗu, ko fiye. Babban kare a ɗakin kaya yake tafiya, cikin kejin da zai iya tsayawa ya juya, kuma ba a ba shi maganin barci saboda yana saukar da bugun jini. Ki duba irin karen kafin ki kashe ko sisi: Denmak ta haramta Boerboel tun 2010.