Haɗa ayyuka da yawa lokaci guda, yana kawo sauri kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce a ofishinku da ke Wuse kana rubuta rahoto, kana amsa WhatsApp, oga na ta kira, yamma ta yi ba ka gama komai ba, har kana zargin kanka da lalaci. Ba lalaci ba ne.

Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta yin ayyuka biyu masu buƙatar tunani a tare. Tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma duk dawowa sai ta sake lalubo inda ta tsaya. A nan lokaci ke zurarewa, kurakurai su shigo. Kana iya tafiya kana hira don tafiya ta zama jiki, amma gwada lissafi kana sauraron saƙon murya ka gani.

A 2009, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gano cewa waɗanda suka saba haɗa waya, kwamfuta da talabijin lokaci guda sun fi saurin shagala, har ma sun fi jinkiri wajen sauya aiki. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya kuma ta nuna cewa ma'aikaci kan ɗauki kimanin minti 23 kafin ya koma aikin da aka katse masa.

Shawarata, ka ba aiki mai nauyi safiya, wayar tana cikin durowa. Saƙonni su jira bayan Azahar. In oga ya turo wani aikin, ka ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan fara gamawa?" In katsewar ta zama dole, rubuta inda ka tsaya a takarda kafin ka tashi.