Mai shago ya ce in kara wa rigar B-3 wuta don in gane ko fata ce, in gwada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aberdeen, can arewacin Birtaniya. Sanyi ya sa na tattara ɗan abin hannuna na sayi rigar fatar tunkiya irin ta matuƙan jiragen yaƙi, samfurin B-3, a intanet kan fam 190. Mai shagon ya rubuta cewa fatar tunkiya ce zalla, an ɗinka ta daidai da ta sojojin Amurka, har da lambar kwangila a wuya. Da ta iso sai na ji ba nauyi, ulun kuma yana ƙyalli. Na yi masa magana, ya ce in kunna laita in kara a hannun rigar, in ba ta kama ba to fata ce. Abokaina ma haka suka ce. Hankalina ya tashi, kuɗin cefanena ne na wata guda. In gwada?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye laitar nan, kar ka kusanci rigar da ita. Kuɗinka bai riga ya tafi ba, amma da zarar ka ƙona ta ka rufe wa kanka ƙofar mayarwa, kuma ina zargin mai shagon ya san haka.

Wannan gwaji na wuta ya ishe ni. Kusan kullum sai an kawo min jaka ko takalmi ko riga da baƙin tabo a gefe, mai ita yana cewa ai gwadawa ya yi. Daga 'yan gwanjon Ƙofar Wambai har masu talla a waya, kowa da laitarsa, ya kara daƙiƙa biyu ya janye yana murmushi. To me ya nuna? Gaskiya ne fata ba ta saurin kamawa. Amma leda mai kauri irin ta PVC ita ma tana jure ɗan lasar wuta, in ta kama kuma hayaƙinta guba ne. Akwai garin fata da ake cuɗawa da gam a matse shi ya zama shimfiɗa. In ya ƙone za ka iya jin ƙaurin fata, alhali ba da jimawa ba zai fara ɓarewa. Akwai kuma ƙasan ƙirgi da aka tsage aka shafe da roba aka buga masa zanen fata da inji. Duk waɗannan suna iya tsallake gwajin, duk kuma suna zuwa da tambarin da ke rantsuwa fata ce.

A rigar B-3 abin ya fi muni, domin ha'incin da aka fi yi bai ma shafi inda ake kara wutar ba. Ta gaskiya, cikinta da wajenta fata ɗaya ce: an jeme fatar tunkiya da ulunta a jiki, aka juya ulun ciki, bayan fatar ya zama wajen rigar. Kamar buzun da malam ke zama a kai, gashi da fata abu guda ne. Mai ha'inci kuwa sai ya samo siririyar fatar gaske mai arha ya yi waje da ita, ya ɗinka mata shafi na ulun roba a ciki. Ka kara wuta a waje, fata ce, ba ta kama ba, ka koma gida da murna, kuma an cuce ka. In kuma tsautsayi ya sa harshen wutar ya taɓa ulun robar da ke bakin hannu, nan take zai kama ya narke ya manne a jikin mutum. Wasu a jikinsu suke gwadawa, wallahi. A ɗakin ɗalibai, cikin hunturu, taga a rufe!

Ko da rigar ta gaskiya ce, wuta ɓarna take yi mata. Zafi yana ƙanƙance fata, wurin ya takure ya yi tauri, kuma babu man da zai dawo da shi. Wajen B-3 ma ba tsirarar fata ba ce, an shafe ta da rini mai ruwan ƙasa da wani abin kariya don ruwa da man jirgi, shi ne zai fara kumbura ya tsage. Wato in jabu ce gwajin zai iya wanke ta, in ta ƙwarai ce ya lalata ta. Ban san baduku ko majemin kirki da ke sayen fata da ashana ba. Hannu da ido da hanci suke sawa.

Kai ma haka za ka yi. Sa yatsu ka buɗa ulun har gindinsa a wuri mai haske. In ka ga silin gashin yana fitowa daga fata, madalla. In ka ga saƙar zare kamar ta safa, roba ce. Sannan ka tsunkuli wajen rigar da hannu ɗaya, ulun ciki da ɗaya hannun, ka ja. In suka rabu, akwai sarari a tsakaninsu, to abu biyu aka haɗa, magana ta ƙare. Duba bakin hannu da ƙasan rigar inda aka yanka, nan ma za ka ga ko kauri ɗaya ne. Ulun gaske ba ya ƙyalli sosai, kuma cikarsa ba ta zama daidai a ko'ina. Ƙyallin da ka ambata da rashin nauyin sun riga sun sa ni shakka.

Sai batun lambar kwangila. Rundunar sojan saman Amurka ta amince da B-3 a 1934, kuma ita ce ma'aikatan jiragen B-17 da B-24 suka sa a Yaƙin Duniya na Biyu, suna tashi ƙafa 25,000 a jirgin da iska ke shiga, cikin sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Kamfanoni irin su Rough Wear da Aero Leather na New York ne suka ɗinka wa gwamnati, kowace riga da ƙyallen da ke ɗauke da lambar kwangilarta. Yau kowa na iya saƙa wannan ƙyalle. Masu kwaikwayo na gaskiya ma suna sawa, amma suna faɗa maka sabuwa ce, sun bi ta wane kamfani ta wace shekara. Eastman Leather da ke Devon tun 1984 suke wannan aiki, akwai Aero Leather na Galashiels a nan Sikotilan inda kake, a Japan kuma akwai The Real McCoy's da Buzz Rickson's. Su kan samo tsofaffin riguna su auna, su bi zanensu har zuwa zif irin na Talon ko Crown. Irin wannan aiki kuɗinsa ɗaruruwan fam ne masu yawa, sau da yawa ya haura dubu, domin riga ɗaya tana cin fatun tumaki da dama. Sabuwar B-3 a fam 190, araha ba ta ado.

Wanda ya ce maka tasa ta zamanin yaƙin ce da kanta, ka tuna ta haura shekara 80. Fatar tunkiya ba ta da ƙarfin ta doki ko ta akuya, in ta tsufa yagewa take yi. Irin waɗannan na masu tara kayan tarihi ne.

Ƙira ma tana tona asiri. B-3 ta soja tana da maɗauri biyu na fata a wuya, ba ta da saƙaƙƙen ƙugu, kuma aljihu ɗaya gare ta a gaba. Irvin ta sojan saman Ingila, wadda Leslie Irvin mai kamfanin laimar sauka ya ƙera, ba ta da aljihu ko ɗaya. A-2, wata rigar matuƙan jiragen Amurka ta 1931, wadda aka fara da fatar doki kafin a shigo da ta akuya da ta shanu, bayanta fata ɗaya ce ba ɗinki a tsakiya, kuma ba ta da aljihun dumama hannu a gefe. Ƙarin aljihu ba laifi ba ne a rigar sanyi, ni ma na fi son sa a wajen amfani. Laifin shi ne a ce maka daidai take da ta soja.

Wani abu da nake yawan ji: wai ai fatar gida ce aka kai Turai aka ɗinka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya, haka ne, kuma fatar akuya tana yin A-2 mai kyau. Amma tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su ba ulu ba. Ba a yin B-3 da su.

Yanzu ga abin yi, kuma yau za ka yi shi. Dokar Birtaniya ta 2013 kan sayayya daga nesa ta ba ka kwana 14 daga ranar da kaya suka iso ka fasa ciniki, ko ba dalili. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 kuma ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da ba su dace da yadda aka bayyana su ba, a biya ka kuɗinka. Wannan in daga ɗan kasuwa ka saya, ba daga wani mutum da ke sayar da tsohuwar rigarsa ba. Ɗauki hoton tallar kafin ya goge ta, ɗauki hoton gindin ulun, ka adana saƙon da ya ce ka sa wuta. Rubuta masa a rubuce cewa ka fasa. In ya yi taurin kai, kai ƙara wurin dandalin da ka saya ko bankin da ya ba ka kati. Kar ka cire tambari, kar ka fita da ita cikin ruwan sama, kar ka shafa mata mai ko kiwi.

In kuɗin ya dawo, sayi rigar sanyi ta yadi mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, domin sanyin Aberdeen da ruwa da iska yake zuwa, fatar tunkiya kuwa ba ta son jiƙa. B-3 ɗin ka bari sai ka samu ta hannu daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan, wadda za ka taɓa da hannunka kafin ka biya. Abokan naka kuma ka faɗa musu su daina koya wa mutane wannan gwaji.