Wace gidauniya ce ke ɗaukar nauyin digiri na biyu a waje?

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala digirin farko, kana son ci gaba da karatu a waje, amma ba hali. Ga inda nake ba ka shawara ka fara dubawa.

Gidauniyar Mastercard ta fara shirinta na tallafin karatu a 2012, kuma matasan Afirka ta fi sa a gaba. Tana biyan kuɗin makaranta, masauki, abinci da na jirgi. Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne, ba gidauniyar ake rubuta wa ba. Jami'o'in da take hulɗa da su ne ke tantancewa, irin su Edinbura ta Birtaniya, Toronto ta Kanada, Makerere ta Yuganda da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) ta Kumasi a Gana. Kowacce da ranar da take rufe karɓar takardun nema. Kada ka raina na cikin Afirka, karatunsu mai nagarta ne.

Akwai kuma Gates Cambridge, mai ɗaukar nauyin karatu a Jami'ar Cambridge ta Birtaniya, wadda aka kafa a 2000 da kyautar dala miliyan 210 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Kusan mutum 80 take ɗauka a shekara daga ƙasashen da ba Birtaniya ba, don haka gasar da zafi, kuma ta fi karkata ga masu digirin digirgir.

Tun yanzu ka nemi takardar sakamakonka daga jami'a, domin fitar da ita kan ɗauki lokaci, ka kuma sanar da malaman da za su rubuta maka shaida. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne, ka guje shi.