Hancin mutane na fitowa ƙato a hotunana, laifin waya ne ko nawa?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗaukar hoto ba sana'ata bace, sha'awa ce tun ina yaro lokacin da ake saka fim a kai wanki, yanzu har furfura ta fara fito min ban daina ba, kuma fuskokin mutane kawai nake ɗauka. To tunda na koma waya sai hanci ya riƙa fitowa ƙato, kunne ya ɓace, fuskar kuma ba rai. In sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam yallaɓai. Kar ka taɓa aljihunka tukuna, matsalar a ƙafarka take, ka cika matsowa kusa. Babbar kyamarar bayan waya lens ɗinta, wato gilashin idon kyamarar, mai faɗi ne (lambar mm ɗin in ta yi ƙasa lens ya fi ɗebo wuri da faɗi), wajen 24mm zuwa 26mm in aka kwatanta da na fim, alhali wadda ka saba da ita a da wataƙila 50mm ce, to don fuskar ta cika hoton dole sai ka kai wayar dab da mutum, kuma kaga hanci ya fi kunne kusa da kai da kamar santimita 10, in kana tsaye a santimita 30 wannan bambancin babba ne sosai, shi yasa hancin ke kumbura kunnen ya shige baya. Ja da baya kamar mita 2 ka danna 2x ko 3x a sikirin don jawo hoton kusa, zaka ga fuskar ta dawo yadda Allah ya yi ta. Dalilin da yasa masu hoton fuska ke son lens 85mm kenan, yana tilasta musu tsayawa nesa.

Maganar rashin rai kuwa haske ne. Kashe filasha, kashe ƙwan ɗakin, ka zaunar da mutum gefen taga hasken na zuwa masa ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ka sa wani ya riƙe farin kwali ya maido da hasken kan kumatun da ke cikin inuwa. Sannan ka leƙa idonsa, in kaga ɗan ɗigon haske na ƙyalli a ƙwayar idon to hoton ya samu, in babu ka juya shi kaɗan kaɗan har ya bayyana. Fokas kuma a kan idon da ya fi kusa da kai. Wani abu da ke ba ni haushi, mutum baƙi sanye da fararen kaya, kyamara sai ta bi farin ta rage haske fuska ta dushe, sai ka taɓa fuskar a sikirin ka ɗaga hasken da kanka.

Kuma don Allah ka daina cewa "yi murmushi", ja shi da hira kawai, ka ɗauka lokacin da ya gama dariya fuskar na komawa daidai.

Batun furfura ma, Julia Margaret Cameron a Ingila tana da shekara 48 'yarta ta ba ta kyamara kyauta a 1863, masu sana'ar lokacin suna ta kushe ta wai hotunanta ba su fita tar ba, ita ce kuma ta zo ta ɗauki masanin kimiyya Charles Darwin a 1868. In ka gwada tagar nan na wata guda har yanzu kana son abin da ke bayan mutum a hoton ya narke sosai, wato ya yi dishi-dishi, to a nan ne zaka nemi kyamara ko ta hannu ce, da lens 50mm f/1.8, wato mai buɗewa sosai.