Kafin a buɗe gwangwanin fenti, a fara shiga unguwa

'Yar'uwa, kin ce jami'arku a Amurka ta ɗauko mai zane zai zauna zango ɗaya yana aikin zanen bango da matasan Latino ('yan asalin ƙasashen Latin Amurka) na unguwar da ke kusa da ku, an sa ki cikin masu taya shi, kina tambayar ta ina ake farawa. Na taɓa yin irin wannan aiki lokacin da nake karatu a Kalifoniya, kuma mun sha kunya kafin mu gane kansa.

Mun fara da cewa yaran su zo harabar jami'a. Muka buga takardar gayyata da Turanci, muka gyara ɗakin zane, muka zauna jira. Huɗu suka zo. Ashe sai sun hau bas biyu kafin su iso, wasu suna aiki bayan an tashi makaranta, wasu suna rainon ƙanne. Abin da ya fi korar su shi ne fom ɗin rajista, wanda ya cika tambayoyi kan takardun shaida. Gidan da ke da ko mutum ɗaya marar takardar zama, uwa ba za ta sa hannu ba, kuma ba ta yi laifi ba. Da muka rage fom ɗin, muka koma ɗakin taron unguwa, wata ɗaliba mai jin Sifaniyanci ta bi iyaye gida-gida, sai wuri ya cika.

Ki matsa a biya yaran, ko kaɗan ne, ta hannun ƙungiyar unguwa. Ba sabon abu ba ne. Judy Baca, mai zanen bango wadda daga baya ta koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles (UCLA), ta fara Great Wall of Los Angeles a 1976 a jikin bangon wata magudanar ruwa da ke kwarin San Fernando. Tsawon zanen ya haura mita 800, matasa fiye da 400 suka yi aikinsa zuwa 1983, kuma biyansu ake yi. Yaron da aka ɗauka ma'aikaci, ba wanda ake yi wa alfarma ba, ko riƙon burushinsa daban yake.

Sai maganar wa ke da bangon. Mai zanenmu, mutumin kirki ne kuwa, ya zo da zanensa a shirye: kalandar Aztek, tsohuwar daular Meksiko, da jaruman juyin juya halin ƙasar, irin salon su Diego Rivera, shahararren mai zanen bango na Meksiko. Yara suka yi tsit. Can wata yarinya ta ce su 'yan Gwatamala ne, kakarta ma yaren Mam take yi, Sifaniyancinta kame-kame ne. Wasu kuma daga El Salbador iyayensu suka zo. Kalmar Latino ta rufe mana ido, mun zuba su a kwando ɗaya. Ya naɗe takardarsa, muka yi mako uku ba a taɓa fenti ba, sai hira da iyaye da duba tsofaffin hotunan gida. Abin da ya hau bango a ƙarshe shi ne wata tsohuwa mai sayar da pupusa, wainar mutanen El Salbador, da bas ɗin da ke kai uwayensu aiki da asuba. Ni dai ba na zana fuskar mutum, na faɗa musu tun farko, suka ba ni rubutu da adon gefe, babu wanda ya ɗaga gira.

Jami'a zango take lissafi, unguwa kuwa tana nan bayan mai zane ya haɗa kayansa. Ko bangon Baca sai da rana da ruwa suka ci shi, aka sake gyara shi a 2011. Don haka tun yanzu ki sa a rubuta yarjejeniya da mai bangon, a shafa wa zanen man kariya, a bar ragowar fenti da lambobin launukan a hannun mutum biyu daga cikin yaran. Mu ba mu yi ba, kuma da na koma bayan shekara biyu, rabin fuskar tsohuwar ya ɓare.